Baƙin keken Butterfly da ya riƙe gidajen gwauraye a Zariya: abin dubawa kafin a saya

Duk wanda sana'a ta haɗa shi da keken ɗinki a Zariya, gyara ne ko sayarwa ko ɗinkin kansa, ya san wani irin keke da ake fitowa da shi daga lungunan Sabon Gari, Muchiya, Chikaji da Samaru. Baƙi ne, na feda, da hoton malam-buɗe-littafi a jikinsa. Zanen ruwan gwal ɗin da ke kan faffaɗan ƙarfensa ya goge tas a daidai inda yadi ke bi, an ɗaura tsumma a wuyansa ana soka fil, kuma in ka ja aljihun teburin sai ka tarar da ƙwarƙwaro (abin naɗa zaren ƙasa) uku ko huɗu, guntun alli, katin baftismar yara da ɗan littafin adashe. Wani lokaci har da Rosari a rataye a sandar zare. Sau da yawa mai shi tsohuwa ce 'yar Katolika da mijinta ya rasu tun tana da sauran ƙuruciya, ya bar mata yara bakwai ko takwas, da keken nan ta biya kuɗin makaranta, ta aurar, ga ta yanzu ta haura tamanin tana gyara wa jikoki wando. Tun kafin cocin Katolika ta yanke Zariya daga Kaduna ta ba ta nata dayosis, wato yankin bishop, a shekarar 2000 irin waɗannan kekunan ke ɗinka ankon Zumuntar Mata da fararen rigunan masu karɓar jibin Ubangiji na farko.

Tambayar da ake yawan yi ita ce: yau in mace ta faɗa wannan hali, 'yan'uwa ko Zumunta ko ƙungiyar St. Vincent de Paul mai taimakon mabukata suna son kafa ta da sana'a, har yanzu wannan keken ne ya dace? Shi ne. Amma ba kowane baƙin keke mai sunan Butterfly ba, kuma ba a miƙa mata shi a juya baya.

Asalinsa daga birnin Shangai na ƙasar Sin yake, kuma tsarinsa na tsohon Singer mai lamba 15 ne aka kwaikwaya. Wannan shi ne babban ƙarfinsa. Ƙwarƙwaro, ƙoshiya (gidan da ƙwarƙwaro ke zama), allura, farantin allura, haƙora, takalmin danne yadi, duk girmansu ɗaya da na sauran baƙaƙen kekuna masu wannan tsari, don haka ba kayan gyaran da za a nema a Kasuwar Sabon Gari a rasa, kuma ba makaniken keke da zai ce bai san shi ba. Wanda aka fi gani shi ne mai lamba JA2. Kan keken kawai, ban da tebur da ƙafa, ya fi kilo 10, ƙarfe ne zalla, ba haƙorin roba a cikinsa da zai cinye. Ba ruwansa da wuta. A garin da layin lantarki ke iya kwana ya wuni babu labari, macen da ta karɓi ɗinkin Kirsimeti ba za ta jira a kawo wuta ba, ba kuma za ta kashe ribarta a man janareto ba.

Abin da ba ya yi ma a sani tun wuri. Miƙaƙƙen ɗinki kaɗai yake yi, gaba da baya. Ba ya zigzag, ba ya huda gidan maɓalli, ba ya wibin, wato ɗinkin rufe bakin yadi. Yadi mai talewa kamar roba yana ba shi wahala, yakan tsallake ɗinki. Saurinsa ƙarfin ƙafar mai shi ne, 'yan ɗaruruwa a minti, alhali manyan kekunan lantarki irin su Juki suna haura ɗinki 5,000 a minti. Wadda ta samu kwangilar yunifom ɗin makaranta guda ɗari biyu a mako biyu, wannan keken zai karya mata gwiwa. Amma ga atamfa, shadda, yadin yunifom, kaki, faci da sauya zif, wato abin da ke kawo kuɗin cefane kullum, ɗinkinsa tsaf yake, ba ya warwarewa.

Wajen saye ne ake cin mutane. Sabo da tsoho duk suna kasuwa, akwai kuma na jabu da aka manna wa suna. A ganinmu tsohon kai mai lafiya, wanda ya yi shekaru ana ba shi mai, ya fi sabon da aka yi wa araha, domin ƙarfensa ya riga ya zauna. Sai dai tsoho ko sabo, ba a saye da ido. A je da wanda ya iya ɗinki, a je da ƙyalle iri uku daga gida: atamfa, kaki, da yadi mai santsi irin na shafin ciki. Kada a yarda da ƙyallen da mai shago ya ajiye, don an riga an saita keken a kansa. A ce masa, "Malam, a cire bel ɗin mu gani tukuna." Sai a juya wilin da hannu zuwa wajen mutum. Ya kamata ya tafi sumul. In akwai wani wuri guda da yake cijewa a kowane zagaye, wani ƙarfe ya lanƙwashe a ciki, a bar shi. A kama sandar allura a girgiza ta hagu da dama: in tana wasa, ta ci, kuma keken zai riƙa karya allura har abada. A kwantar da kan baya a leƙa ƙarƙashi, a nemi tsatsa, tsaga, ko tabon walda da aka shafe da baƙin fenti. A ciro ƙoshiya, a bi bakin ƙugiyar da ke ɗauko zare da farce. In farce ya maƙale, akwai kaushi, shi ne zai riƙa tsinka zare.

Daga nan sai ɗinki. A ninka kakin sau huɗu a bi ta kai, a ga ko ya haura kaurin ba tare da tsallake ba. A ɗaga sandar da ke mayar da ɗinki baya, a tabbata tsawon ɗinkin baya ya yi kusa da na gaba. A juya ƙyallen a duba ƙasa. Mai sayarwa da ya ƙi a yi wannan gwajin ya riga ya ba da amsa.

Mutane sukan ƙura wa kai ido su manta da ƙafa da tebur, nan kuwa kuɗi ke zurarewa. Ƙafar zubi mai nauyi ta fi wadda aka haɗa da siraran ƙarafa, don mara nauyi tana rawa, tana tafiya a kan siminti in ɗinki ya yi zafi. A taka fedar a kalli babban wilin ƙasa: in yana karkata gefe da gefe, bel zai riƙa faɗowa. Teburin da ke zuwa da sababbin kekuna sau da yawa garin katako ne da aka matse aka lulluɓe. A ɗakin haya mai yoyo, damina ɗaya ta isa ya kumbura, ƙusoshin maƙalar kai su saki. Gara a sayi kai da ƙafa, a kai wa kafinta ya yi tebur na katakon gaske, ya huda gurbin kan da ramukan bel daidai. Yakan ɗan fi tsada, amma shi ne teburin da jika za ta gada.

Akwai wata magana da ba ta shafi ƙarfe ba amma ta fi duk waɗannan: rasit ya fito da sunan matar. Ko coci ce ta saya, ko ƙanin mijin, ko gudummawar ta'aziyya aka haɗa, a rubuta sunanta, ta adana takardar tare da takardun yara. Kowa ya san yadda kayan gida ke zama abin rabo in maigida ya kwanta dama, kuma keken ɗinki yana cikin abin da hannu ke fara kaiwa.

Sabon keke yana zuwa da wani kakkauran maiko da aka shafe shi da shi saboda tsatsa. A wanke shi da kananzir da tsohon buroshin haƙori, a goge, a ɗiga man keke ɗigo ɗaya a kowace huda ta sama da kowace gaɓa ta ƙasa, a ɗaga takalmin, a taka shi ba zare na minti goma. Sannan a yi ta ɗinka tsummoki har sai baƙin mai ya daina fitowa. Kada farar rigar baftisma ta zama ɗinkin farko. Ɗigon mai ɗaya a kan farin leshi ya isa ya ɓata tsakanin tela da maƙwabciya.

Maganar mai ta cancanci a tsaya a kanta, don yawancin kekunan da ake kawowa an ce sun mutu, mai ne ya kashe su. Man keke fari ne, sirit kamar ruwa. Man gyaɗa, man ja da baƙin man mota duk suna yin aiki kwana biyu, daga baya su daskare su zama ƙaro, su haɗu da ƙura su riƙe ƙarfe. Wadda ke ɗinki kullum ta sa ɗigo ɗaya a gidan ƙoshiya kowace safiya, sauran jikin kuma sau ɗaya a mako. Da hunturu, lokacin da ƙura ke shiga ko'ina a Zariya, a riƙa kwance farantin allura duk Asabar a share audugar da ta taru tsakanin haƙora, in ba haka ba haƙoran ba za su taso su ja yadi ba. A rufe keken da zani in an tashi. Da damina kuma a shafa ɗan mai a farantin da sandar allura saboda tsatsa, a ɗora ƙafafun a kan katako in ɗakin yana jiƙa.

Allura ita ce ta biyu wajen jawo kuka. Irin mai gefe ɗaya a shafe ake sa masa, wadda ake rubuta HAx1 a fakitinta. Shafaffen gefen ya kalli dama, wajen wili, dogon kwarin ya kalli hagu, a tura ta sama har ta tsaya, a ɗaure, a zura zare daga hagu zuwa dama. In aka juya ta, keken ba zai ɗauko zaren ƙasa ba, ko ya yi ta tsinkawa, kuma an sha biyan makanike kuɗin mota a kan wannan kawai. Lamba 11 ta yadi mai laushi ce, 14 ta atamfa, 16 ta kaki da shadda mai kauri, 18 ta jins. Allurar da ta dakushe tana ƙara "tak-tak" in tana shiga yadi, tana jan zaren atamfa. A yar da ita, ba a wasa ta a dutse. Tsawon ɗinki kuwa, kamar 10 zuwa 12 a inci ɗaya ga atamfa, kamar 8 ga kaki.

In zare ya cukuikuye a ƙarƙashin yadi kamar sheƙar tsuntsu, hannu yakan tafi wajen ƙoshiya, alhali laifin na sama ne. Ko dai an zura zaren takalmi yana ƙasa, faifan tenshin masu riƙe zaren sama suna matse bai shiga tsakaninsu ba, ko ya zame daga sandar da ke ɗaga shi. A ɗaga takalmi, a zare, a sake zurawa daga farko. Ɗan sukurun da ke jikin ƙoshiya ba abin taɓawa kullum ba ne. Gwajinsa shi ne a riƙe bakin zaren a bar ƙoshiyar ta yi reto: kada ta sulale da kanta, amma in an ɗan girgiza ta sauka kaɗan ta tsaya. In za a juya sukurun, kwatan zagaye ya isa, kuma a yi shi a kan faranti don in ya faɗi ƙasa ya tafi ke nan. Tsallaken ɗinki da ya ƙi ji bayan an sa sabuwar allura daidai, yawanci sandar allura ce ta goce sama bayan ta daki ƙarfen zif ko fil. Wannan aikin makanike ne, kuma ba ya ɗaukar rabin awa.

Bel na fata ne, kaurinsa kamar milimita 5, yana zuwa da tsawo wajen inci 72, a yanka daidai keken, a huda da ƙusa a haɗa da ƙugiyar waya. Sabo yana miƙewa a makonnin farko. In ya fara santsi a rage rabin inci, kada a wuce haka a lokaci ɗaya, don bel mai tsauri yana sa feda nauyi ya gajiyar da gwiwa. Kada mai ya taɓa shi.

To, shin yana ciyar da gida? Yana yi, amma ba daga ranar farko ba. Macen da ba ta taɓa riƙe almakashi ba tana buƙatar wata shida zuwa shekara a gaban wata tela kafin ta yanka atamfar mutane, kuma duk mai son taimaka mata ya lissafa abincin wannan lokacin a cikin taimakon. Hanyar da ta fi saurin kawo kuɗi ita ce gyara: faci, rage tsawo, sauya zif, matse kayan gwanjo. Garin ɗalibai ne. Tsakanin Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Kongo, da sauran manyan makarantu, wandon da ke neman ragewa ba ya ƙarewa. Sai yunifom a watan Satumba, sai ɗinkin Kirsimeti da Ista, sai na Sallah ƙarama da babba, don maƙwabta ba sa tambayar cocin tela in hannunta yana da kyau. Anko kuma, turmi ɗaya yadi 6 ne, ya fitar da riga, zani da ɗankwali in an iya yanka. Gefen da keken ba ya yi, a tara kayan a kai wa mai wibin da mai huda maɓalli sau ɗaya, a sa kuɗin cikin farashi. In ba hali, ɗinki biyu yana rufe bakin yadi: a fara ɗinkewa ta waje siriri, a juya, a sake ɗinkewa ta ciki.

Abin da ke durƙusar da irin wannan sana'a ba keke ba ne, bashi ne, kuma bashin na gida. "Maman yara, ki ba ni kayan, bayan Misa ran Lahadi zan kawo miki." Lahadi ta zo, a gaisa a ƙofar coci, kunya ta hana tambaya. Rabin kuɗi kafin almakashi ya taɓa yadi, sauran kafin kaya su fita, kuma a rubuta a littafi a gaban mai kayan. Wadda ta kafa wannan tun farko ba a jin haushinta. Wadda ta fara daga baya ce ake cewa ta canja.

Ga mai yara da yawa, rabin amfanin keken a cikin gida yake. Siket ko wandon makaranta a bar masa lanƙwasar inci 3 a ƙasa da inci ɗaya a kowane gefe, a riƙa saki yaro yana girma, in ya fi ƙarfinsa ya sauka kan ƙane. A ninka yadi a gwiwa da mazauni tun ranar ɗinki. Guntayen atamfar da suka rage su zama zanen gado da rigar filo. Kuɗin da bai fita ba, shi ma shigowa ne.

Sai kuma shekaru su ja. Keken ba ya tsufa yadda mai shi ke tsufa, nan ne 'ya'ya ke yin kuskure da kyakkyawar niyya. Sun girma, wani yana Kaduna, wata tana Abuja, sai a aiko wa Mama da ɗan farin keken lantarki mai jikin roba, a ce ta huta da feda. Yawancinsu a kwali suke ƙarewa a saman kabad: ba wuta, ba kayan gyara a kusa, kuma ƙafar da ta shekara arba'in tana jin ɗinki ta feda ba ta yarda da maɓallin da ke fizgar yadi. Haka ma ɗan moton da ake ɗaura wa baƙin keken. Ga mace mai shekara arba'in da ke da wuta ko sola yana da amfani ƙwarai. Ga hannun da ya fara rawa, saurinsa haɗari ne, allura ta cikin farce take bi.

Abin da tsohuwa ke buƙata ƙanana ne. Ido ne ke fara gazawa, wajen zura zare. A saya mata 'yar wayar zura zare guda biyar, don suna saurin karyewa, a yanka bakin zare a karkace da almakashi mai kaifi, a riƙa sa farar takarda a bayan allura don hudar ta fito. A manna fitila mai caji mai maganaɗisu a wuyan keken, a juya teburin hasken taga ya zo ta hagu. In tabarau ya daina taimako, tana cewa kamar hazo take gani, a kai ta a duba ko yanar ido ce, a asibitin koyarwa na Shika ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, don yanar ido ana cire ta. Kujera ta zama mai jingina, tsayinta daidai yadda cinya za ta kwanta miƙe, ba benci ba. Taka feda da ƙafa biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, ya fi sauƙi ga gwiwa, kuma motsin idon sawu ba ya cutar da mai kumburin ƙafa in ana tashi a miƙe duk rabin awa. Mai ciwon suga kada ta zauna ɗinki ba takalmi, a kuma ajiye maganaɗisu a riƙa bin ƙasa da shi ana tsince fil, don ƙafar da ba ta jin suka ba ta sanin ta taka. Ɗaga kan keken don sa mai a ƙasa ya zama aikin jika. Nauyinsa ya isa ya murƙushe yatsa.

A gidan da jikoki ke rarrafe, da an gama aiki a sauke bel daga babban wili, a sauke takalmi, a cire allura. Yaro ba ya ganin feda ya ƙyale, kuma wani yana takawa wani na iya sa hannu a wili.

In ranar ta zo da za a ɗauke keken zuwa gidan 'ya ko jika, kada a ɗora shi a Keke Napep yadda yake. A sauke bel, a kwance sukurori biyun da ke riƙe kai a maƙalarsa, a ɗaga kan daban a naɗe shi da bargo, a cire sandar zare ko a kiyaye ta don ita ke fara lanƙwashewa. Ƙafar zubi tana da nauyi amma ba ta jure faɗuwa, tsagewa take yi, kuma waldar zubi ba ta cika riƙewa ba. A ɗaure ta a tsaye, a zazzage aljihun tebur a cikin leda tun kafin a fita, don ƙoshiyar da ta saba da keken tana ciki.